Tabarmar Biskit da Kofaton Sefako

Ha Sekete, 9 ga Oktoba

Ausi Moliehi,

Ƙanwata, gaisuwa mai yawa daga ni da Mme, uwarmu. Ina fatan kina lafiya, kuma Turawanki ba su ƙarar da ke da wanki da guga ba. Mu nan sai godiyar Ubangiji. Sanyi ya tafi, ciyawa ta fara tsirowa, tumaki uku sun haihu. Ƙirjina yana nan yadda kika bar shi. In na zauna shi ma ya zauna, in na nufi tudu sai ya tuna mini da shekara goma sha tara da na yi ina shaƙar ƙura a ramin zinariya na Welkom.

Kin san tsofaffi biyu nake riƙo. Mai ƙafa biyun, wato uwarki, kwankwasonta ya hana ta sakat, amma bakinta garau yake. Mai ƙafa huɗun ce dalilin wannan takarda.

Sati biyu ke nan goɗiyarmu Sefako tana ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu. Muna dawowa daga asibiti da maganin Mme da buhun gari, bayan mun haye kogi, sai na ji ta dafa ƙasa ta janye. Na sauka na ɗaga kofaton ban ga komai ba. Washegari na taɓa shi na ji zafi kamar dutsen murhu. Dattijon maƙwabcinmu Ntate Phafoli ya zo ya duba, ya ce iska ce ta shige ta, ya daka saiwa ya kwaɓa da baƙin man inji ya shafe mata. Na ce masa, "Ntate, goɗiya ce fa, ba tarakta ba." Ya ce, "To kai da ka sani, yi mata naka." Ni kuwa ba ni da nawa.

Na aika wa likitan dabbobi na gari. Ya aiko cewa shi kaɗai ne, in kawo ta. Da za ta iya tafiyar awa biyar zuwa bakin hanya, ai da ban aika ba.

Ba sai na faɗa miki ba, Ausi. Tun da rami ya cinye mini huhu, da na Sefako nake numfashi. Ko kan dutsen da waya take kamawa ba na iya hawa sai a bayanta, saboda haka kada ki wahalar da kanki da kira. Ki rubuto ta hannun direban Litinin, ya ajiye a kanti, wanda ya hawo zai kawo mana.

Ki tambaya mana a can ko akwai wani magani.

Yayanki,
Tlali


Mangaung, 2 ga Nuwamba

Abuti Tlali,

Yayana, na sami takardarka. Ina lafiya, sai dai bayana da ke ɗan taɓa ni. Ka gaishe da Mme, ka ce ta riƙa shan maganinta da abinci, ba da shayi kaɗai ba. Kai kuma ka daina zama kusa da hayaƙi.

Ka tuna Biskit, karen Madam da nake ba ka labari, wanda yake da gado da bargo nasa na kansa? Ya mutu ranar Talata. Shekararsa goma sha biyar, ƙafafun bayansa sun daɗe da ƙin ɗaukarsa. Madam ta yi kukan da ban ga ta yi wa mijinta ba. Ni ma na yi, kada ka yi mini dariya. Shekara biyu ni nake ɗaga shi safe da yamma in kwantar da shi a kan tabarmarsa.

Ita tabarmar ce na ƙunso maka a cikin wannan kwali. Ba ta zafi, ba ta motsi. An ce ƙarfin maganaɗisu take turawa ya ratsa nama har ƙashi ya kwantar da ciwo. Ni dai da idona na ga Biskit yana hawa yana kuka, ya sauka yana kaɗa wutsiya. Da Madam ta ce in fitar da kayansa kada ta ƙara ganinsu, sai na ce, "Madam, muna da doki mara lafiya a gida." Ta ce, "Doki? Wayyo, abin tausayi! Ɗauki, ɗauki, Molly." Shekara tara, har yau Molly nake.

Ga yadda ake yi. Ka caza ƙaramin akwatin da solar da kake cajin waya. Ka naɗe mata tabarmar a ƙafar, ka danna maɓallin tsakiya, koren haske zai kama. Bayan minti ashirin zai yi ƙara ya mutu da kansa. Sau biyu a rana. Kada ruwa ya taɓa ta, kada kuma Ntate Phafoli ya kusance ta da man injinsa.

Akwai wani labarin. A asibitin karnukan da muke kai Biskit akwai wani likita ɗan ƙasarmu, Dakta Mohapi. Ranar da ya ji ni ina rarrashin kare da harshenmu ya ce, "Ausi, wannan bakin na kan dutse ne. Wane kwari?" Ashe iyayensa suna Mokhotlong. Na ba shi labarin Sefako. Ya ce ɗingishi da zafin kofato ba abin wasa ba ne, ya fi son ya gani da idonsa. Zai je gida hutun Kirsimeti, kwana huɗu kawai aka ba shi, amma ya ce zai ba mu ɗaya, ya ari doki ya hawo. Na tambaye shi tabarmar, ya ce, "Ba za ta cutar da ita ba." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ka rubuto da wuri in san yadda take, don in gaya masa.

Ƙanwarka,
Moliehi


Ha Sekete, 27 ga Nuwamba

Ausi,

Muna lafiya, muna gaisuwa. A tsaye nake rubutu, mai sauka gari yana jirana a bakin shinge.

Kwali ya iso. Tsohuwa ta ji daɗin tabarmarki ƙwarai. Safe da yamma, minti ashirin, yadda kika ce. Jiya ta taka da ƙafarta har bakin rafi ta dawo, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Allah ya saka miki. Ki gode wa Madam. Muna zuba ido ga Kirsimeti.

Sauran bayani sai na zauna.

Tlali


Mangaung, 11 ga Disamba

Abuti,

Na karanta takardarka a tsaye a kicin, na yi guɗa har Madam ta leƙo ta ɗauka ƙonewa na yi. Sefako har bakin rafi! Na ce mata, "Madam, tabarmar Biskit ta ta da dokinmu." Ta rungume ni, ta ce ashe Biskit bai mutu a banza ba. Ta ba duk ƙawayenta labari a waya.

Ina lafiya. Ina fatan Mme ma da sauƙi, ba ka ce komai a kanta ba, kai da son dokinka.

Na je na sami Dakta Mohapi na ce ya huta, kada ya ɓata kwana guda cikin huɗunsa, goɗiya ta miƙe. Ya dube ni ya ce, "Kin tabbata, Ausi? Ba wahala ba ce a wurina." Na ce na tabbata, ga takardar yayana. Ka san ba na son ɗora wa mutum nauyi in ba dole.

Abin da ba daɗi shi ne ba zan zo Kirsimeti ba. Za su bakin teku da jikoki huɗu, Madam ta ce ba za ta iya ba sai da ni. Na sa wa Mme sukari da man shafawa, kai kuma safa. Kada ka yi saurin ɗora mata sirdi, ka bari ƙafar ta yi ƙwari.

Moliehi


Mangaung, 22 ga Janairu

Abuti,

Mun dawo tun ranar biyar ga wata. Litinin uku ina zuwa tasha, direba yana juya mini tafin hannu. Lafiya kuwa? An ce ruwa ya yi yawa a can. Ko layi biyu ne ka rubuto.

Moliehi


Ha Sekete, 7 ga Fabrairu

Ausi Moliehi,

Muna gaishe ki. Mme tana lafiya daidai gwargwado. Ni tari ya ɗan ƙaru, sabo ne. Kogi ya cika tun tsakiyar Disamba, sai makon nan ya bari aka haye. Takardunki biyu tare suka iso, da sukarin da ya zama dutse.

Na karanta ta farkon sau uku, sannan na fita na zauna a bayan ɗaki.

Ausi, ba Sefako nake nufi ba. Mme nake nufi.

Ranar da kwalin ya zo na yi yadda kika ce. Na naɗe mata a ƙafa, na danna. Da akwatin ya yi ƙara sai ta zabura ta kusa faɗuwa a kaina. Na sake gwadawa kwana uku, tana haƙuri tana tsayawa, kofaton yana nan da zafinsa. A rana ta huɗu Mme ta ce, "Kawo nan. In kare ya hau, doki ya hau, ni me na yi?" Na ce, "Mme, ta dabbobi ce." Ta ce, "Ƙashi ƙashi ne." Ta shimfiɗa ta kwanta. Ko tabarmar ce, ko don daga hannunki ta fito, ban sani ba, amma ta ce ta ji sauƙi, ta kuwa taka har rafi. Murnar wannan ce na rubuto miki a gurguje. Na ɗauka ai likita yana tafe, maganar Sefako ta jira shi.

Ranar Kirsimeti da kwana biyun bayanta na sa Ntate Phafoli ya tsaya da dokinsa a mashaya ta sama, inda ake iya hayewa ko ruwa ya yi yawa. Mme ta sa aka yanka kaza, ta dama kunun dawa mai tsami don baƙo. Har rana ta faɗi ina duban hanya. Na ce a raina mutanen birni ke nan, alkawari a bakinsu kamar tofar da yawu. Na zagi bawan Allah a banza.

Yanzu ga yadda take. Mugunya ta ɓullo ta saman kofato, wajen gashi, tana wari. Ba ta dafa ƙafar ko kaɗan. Ɗayar ta gaba da take ɗauke da nauyin duka ita ma ta fara zafi. Yawancin yini a kwance take, ina yanko mata ciyawa ina kai mata baki. Haƙarƙarinta ana ƙirgawa. Amma in ta ji tarina daga ɗaki sai ta ɗaga kai ta yi haniniya ƙasa-ƙasa, kamar ni ne mara lafiyar.

Ban rubuto don in ɗora miki laifi ba. Ki gaya wa likitan gaskiyar yadda aka yi.

Yayanki,
Tlali


Mangaung, 20 ga Fabrairu

Abuti,

Ina gaisuwa. Ba zan ce ina lafiya ba.

Kalma ɗaya, Abuti. Da ka rubuta "Mme" harafi uku ne. Kai da wasanka na tsofaffi biyu! Kwana biyu ina jin haushinka, ina wanke kwanuka ina yi maka faɗa a zuci. A rana ta uku na ɗauko takardar na sake dubawa. Ka rubuta "muna zuba ido ga Kirsimeti". Yana nan da hannunka. Ni na ɗauka ni kuke jira. Abin da nake so in gani shi na gani, mutum kuma ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata.

Na je wurin Dakta Mohapi da takardarka ta ƙarshe. Ya karanta, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Na ce, "Ntate, faɗa mini." Ya ce ba zai yanke hukunci daga nesa ba. Ba shi da hutu sai Ista, amma ya ce ko ana ruwan duwatsu zai hawo. Kafin nan ga saƙonsa. A daina shafa mai kowane iri. A tsoma ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri sau biyu a rana, a naɗe da tsumma mai tsabta. A yi mata shimfiɗar ciyawa mai kauri, a riƙa juya ta. Garin da ke cikin ƙunshin nan na rage zafi ne, cokali ɗaya a cikin dusa.

Na roƙi Madam sati ɗaya. Ta ce 'yarta ta kusa haihuwa, in bari sai Yuni. Ta tambaye ni doki, na ce yana nan. Ban iya gaya mata ba, ta riga ta ba kowa labari.

Ka bar wa Mme tabarmar. Kada ka gaya mata abin da ya faru.

Moliehi


Ha Sekete, 19 ga Afrilu

Ausi Moliehi,

Gaisuwa daga ni da Mme. An fara sanyin safe, an kusa girbin alkama. Mme tana nan. Ni ma ina nan.

Likitanki ya cika alkawari. Ya iso ranar Asabar da hantsi a kan dokin aro, ya sauka yana tafiya kamar agwagwa. Ya ce rabonsa da sirdi shekara shida. Ntate Phafoli ya ce, "Karnukan Turawa ba a hawansu ne?" Likitan ya yi dariya. Mutumin kirki ne, ko ruwa bai sha ba ya ce a kai shi wurinta.

Ya durƙusa ya kwance tsumman. Ya fere ƙasan kofaton da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa, ya zaro wani guntun wayar shinge, bai kai tsawon farcena ba. Ya ɗora mini a tafin hannu. Kusan wata bakwai, Ausi, wannan ne. Ya duba ɗaya ƙafar, ya danna, ya saurari ƙirjinta. Sannan ya ce, "Ntate, zo mu zauna."

Ya ce ciwon ya ci ƙashi, ɗaya kofaton kuma ya saki daga ciki, ba za ta sake tsayawa ba. Na ce, "Da ka zo a Disamba fa?" Ya hau goge wuƙarsa. Na ce, "Ni ba yaro ba ne." Ya ce, "Da na huda, na wanke, na yi mata allura. Wataƙila sati uku ka hau ta. Wataƙila, Ntate. Ban ce tabbas ba." Na daɗe ina tunanin ko in rubuta miki wannan. Na san za ki tambaye shi, gara ki ji daga bakina.

Na tambaye shi ko tabarmar ƙarya ce. Ya ce wasu dabbobin masu ciwon gaɓoɓi suna samun sauƙi da ita, wasu ba sa samu, amma ba ta cire waya daga kofato.

Na ɗora kanta a cinyata. Mme ta fito da sanda, ta ƙi a riƙe ta, ta tsaya tana yi mata kirarin da Ntatenmu, mahaifinmu, yake yi mata tun tana 'yar duƙushiya. Likita ya yi mata allurar ƙarshe a wuya. Ta ja numfashi biyu masu tsawo, shi ke nan. Ban taɓa ganin mutuwa mai sauƙi haka ba, har na yi mata hassada.

Maza sun riga sun taru da wuƙaƙe da kwanuka. Likita ya ce ba mai taɓa naman, maganin zai kashe mutum, zai kashe kare, har ungulu. Aka yi ta gunaguni. Wani ya ce da an bari ya yanka tun da safe da kowa ya ci. Ntate Phafoli ya ɗauki diga ya ce, "Wanda ya zo da wuƙa ya koma ya zo da shebur." Su biyar suka haƙa a bayan shinge, ƙasar duk dutse. Na karɓi diga na sara sau huɗu, na faɗi a zaune. Likitan ya bar ramin ya zo ya sa mini abin saurarensa na dabbobi a baya. Ya ce, "Ntate, yaushe rabonka da asibiti?" Na ce ai yanzu muka binne motar.

Ya ƙi karɓar komai. Mme ta cusa masa busasshen nama a jaka.

Kada ki yi ta kuka a kicin ɗin mutane.

Tlali


Asibitin bakin hanya, 28 ga Mayu

Ausi,

Ina gaishe ki. Kada ki tsorata da ganin rubutun ba nawa ba ne. Ma'aikaciyar jinya ce take rubutawa, ni ina faɗa, ba ni da ƙarfin riƙe biro.

Maganin Mme ya ƙare, nawa ma. Ntate Phafoli ya tafi da dokinsa sauko da tumaki daga mashekarinsu na kan dutse kafin dusar ƙanƙara. Na bar Mme a hannun matarsa, na ce gangara ce, zan iya. Tafiyar awa biyar na yi ta a kwana biyu, na kwana a gidan mutanen da ban sani ba. Da na iso ban kai ga benci ba. Kwanana tara a nan da robar iska a hanci. Maganin Mme na ba wani mai hawa ya kai mata.

Sun ce a kai ni babban asibiti. Na ce uwata tana kan dutse. Jiya mijin wannan baiwar Allah ya kawo mini dokinsa har ƙofa, ingarma mai hankali, ya ce in hau in je gida, in sako shi zai dawo da kansa. Na yi murna, Ausi. Na yafa bargona, na kama geza, na sa ƙafa a likkafa. Na yunƙura, ƙirjina ya ƙi. Na huta na sake. Mutum biyu suka ɗaga ni suka ɗora, na zauna a sirdi, duniya ta yi duhu, suka sauke ni. Dokin ko motsi bai yi ba.

Duk watannin nan ina cewa ƙafar Sefako ce ta tsare ni a gida. Ki sauke wannan nauyin daga kanki. Ko da tana raye jiya, da a ƙofar nan za ta tsaya ta gaji.

Motar babban asibiti tana zuwa ranar Alhamis, zan bi ta. Na aika a ce wa Mme maza huɗu za su sauko da ita a kan bargo. Ta aiko cewa ba a ɗaukar ta a kafaɗa tana da rai. Kin san ta. Maganata ba za ta ji ba, taki wataƙila.

Kan duwatsu ya riga ya yi fari. In aka yi dusar ƙanƙara babba hanya ta rufe sai Agusta, itacen da na bar mata kuma ba zai kai ba. Ban san me za ki gaya wa Madam ba, ban san ko za ta riƙe miki aikin ba. Ban taɓa ce miki ki bar aiki ki zo ba, ko ranar da aka sallamo ni daga rami.

Ki zo, Ausi. Ba wanda zai tare ki a bakin hanya. Ki taho da takalmin da zai iya hawan dutse.

Yayanki,
Tlali